Carbi da Tiya: Nasiha ga Muridi a kan Hidimar Cikin Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, wanda ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass. Bayan haka:

Duk muridin da ya karɓi ɗariƙa ya san lissafinsa. Ya san istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma. Ya san adadin da ke cikin wazifa, kuma idan liman ya yi tuntuɓe a ƙidayar Jauhara, kafin a ƙifta ido an samu mutum biyar sun ɗaga kai. Wannan abin yabo ne. To amma a tambayi muridin nan tiya nawa ake ci a gidansa a yini, ko damin hatsi nawa ya rage a rumbu, sai a ji ya ce, “Ai Allah ne Mai ciyarwa.” Maganar gaskiya ce, sai dai sau da yawa an faɗe ta ne don a kauce wa tambayar. Wadda ta san amsar tana bakin murhu, kuma ba a cika tambayarta ba.

A ɗauki gari irin Tabla, wanda ke kan hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Baleyara ta nufi Filinge, cikin kwarin nan na Dallol Boso. Ƙasa ce ta hatsi da wake da dabbobi, inda Zabarmawa da Abzinawa da Fulani da Kurfayawa suke cuɗanya, musamman ranar Lahadi a kasuwar Baleyara. Damina ɗaya ce a shekara, ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma abin da aka samu a cikinta shi zai riƙe gida har wata kakar. Da zarar an gama girbi samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani, wasu Yamai, wasu Kwatano ko Lome ko Akara ko Abijan. Gida kuma sai ya koma hannun mata da tsofaffi da yara. Dattawan yankin ba su manta da yunwar 1973 zuwa 1974 ba, ko ta 1984 zuwa 1985, kuma waɗanda suka girma a baya-bayan nan sun ji labarin 2005 daga bakin iyayensu mata, lokacin da fari da fara suka haɗu suka cinye amfanin shekarar da ta gabace ta. A irin wannan ƙasa lissafin abinci maganar rai ce.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar kimanin tiya 40. A ce gida yana cin tiya biyu a yini, ɗaya ta fura ɗaya ta tuwo. Tiya 60 ke nan a wata, buhu ɗaya da rabi. A shekara buhu 18, ban da iri, ban da zakka, ban da baƙo da suna da rasuwa. Wanda ya iya riƙe ƙidayar 100 sau uku da safe ba tare da ya ɓata ba, wannan lissafin ba zai gagare shi ba. Abin da ke hana shi yi shi ne tsoron abin da zai gani. Idan ya zauna ya ƙirga a watan Nuwamba, zai gane cewa hatsinsa ba zai wuce Afrilu ko Mayu ba, kuma watannin da suka fi tsanani, wato daga faɗuwar ruwa har zuwa nunar sabon hatsi, lokacin da ake noma da yunwa kuma tiya take tsada, suna nan gaba ba a tanadar musu komai ba. Ganin haka tun da wuri ɗaci gare shi. Amma wanda ya gani a Nuwamba yana da wata shida na yin dabara, wanda ya gani a Yuni kuwa ba shi da komai sai bashi.

Akwai masu ganin cewa irin wannan ƙididdiga tana rage tawakkali. Su koma Suratu Yusuf, aya ta 47 da ta 48. Annabin Allah Yusufu (AS) ya fassara mafarkin sarki, bai tsaya a nan ba, ya tsara wa ƙasa guda abincin shekara goma sha huɗu, ya ce a bar hatsin a cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Manomin Kurfai zai fahimci wannan fiye da mai karatu a birni, domin haka yake ajiye nasa a rumbu, dami-dami, ba a sussuka sai wanda za a ci, kuma ya san hatsi a zangarniya ya fi jure ƙwari da daɗewa. Sannan Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Babu wanda ya kai shi tawakkali. Gaskiya ne kyautarsa takan ƙarar da abin kafin shekara ta zagayo, har Uwar Muminai Nana A’isha (RA) ta ba da labarin cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a ɗakunansa ba, sai dabino da ruwa. To amma wannan yunwa ce ta wanda ya tanada sannan ya bayar da sani, shi da iyalin da suka zaɓi hakan tare da shi. Daban take da ta wanda bai taɓa leƙa rumbunsa ba.

A nan akwai maganar da ba ta da daɗin ji, amma tsakanin ’yan’uwa ya kamata a faɗe ta. Lokacin kaka hatsi yana araha, ’yan kasuwa suna bin ƙauyuka suna saye. Shi ne kuma lokacin da magidanci ke jin nauyin aljihunsa, sai sha’awar tafiya ta taso: ziyara, ko Maulidi a wani gari mai nisa idan ya faɗo a lokacin, ko sabuwar babbar riga ta zuwa hadara. Sai a buɗe rumbu a sayar da buhu uku ko huɗu. Bayan wata bakwai sai a je wurin ɗan kasuwar nan a sayo hatsin da tsada, ko a karɓa bashi a kan amfanin da bai ma fito ba. Ziyarar shehunnai alheri ce babba, kuma babu mai hankalin da zai hana masoyi zuwa Kiyota ko Kaulaha ko Fas. Sai dai ciyar da iyali wajibi ne, ziyara kuwa ba ta kai matsayin wajibi ba. Muslim ya ruwaito cewa a cikin dinaren da mutum zai kashe, na ɗaukaka addini da na ’yanta bawa da na sadaka ga miskini da na iyali, wanda aka kashe wa iyali ya fi lada. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa tozarta wanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Shehu Tijjani (RTA) da kansa ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma’aunin shari’a. Wanda ya tafi neman madadi ya bar yara suna shan fura tsararo, shi ma ya ɗora tafiyarsa a kan wannan ma’aunin ya gani. Hanya a buɗe take: a ware kuɗin ziyara daga ribar cin rani ko daga ɗan akuyar da aka yi kiwo saboda haka, a bar rumbu ya huta.

Ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda’i (RA) ta dace da wannan wuri. Manzon Allah (SAW) ya ƙulla ’yan’uwantaka tsakaninsu a Madina. Wata rana Salmanu ya kai ziyara, ya tarar da Ummud Darda’i cikin tufafi marasa kyau, ya tambaye ta dalili, ta nuna masa cewa ɗan’uwansa ba ya da wata buƙata ga duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda’i yana azumin nafila, Salmanu ya ƙi ci har sai da ya sa shi ya ci tare da shi. Da dare ya yi, duk lokacin da ya yunƙura zai tashi salla sai Salmanu ya ce ya kwanta, har ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa ma haka, iyalinsa ma haka. Da labari ya je wa Annabi (SAW), Salmanu ya gaskata. Abin lura shi ne inda Salmanu ya fara gane matsalar. Bai gan ta a masallaci ba, don a can Abud Darda’i ba shi da aibi. A jikin matar gidan ya gan ta. Da muƙaddamai za su riƙa auna ci gaban muridi da wannan ido, da wasu da ake yi wa kallon sun yi nisa an mayar da su farkon hanya.

Tsara abinci kuwa aikin mutum biyu ne. Uwargida ce ta san miyar da ke tafiya da ƙaramin kuɗi, ta san lokacin shanya kuɓewa da yakuwa da ganyen tafasa, ta san ranar da za a yi dambu da zogale don a huta da tuwo, ta san cewa idan an haɗa wake da hatsi yara sun fi daɗewa ba su ce yunwa ba. Yawancinsu suna da ’yar gayaunarsu, wadda a wasu wurare ake kira gamana, inda suke shuka kuɓewa da gyaɗa da riɗi da gujiya, kuma daga nan kayan miyar rabin shekara ke fitowa ba tare da maigida ya sani ba. Abin da ake nema a wurinsa bai fi ya zauna da ita bayan an shigar da amfani ba, kafin ya ɗauki jakarsa ta cin rani, su fitar da zakka idan amfanin ya kai nisabi, wato ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, su ware iri, su ƙirga sauran, su yanke tiya nawa za a riƙa ɗiba, su san watan da kuɗin da zai aiko za su zama na sayen hatsi kaɗai. Zaman sa’a guda ne. Idan ’yan’uwan zawiyya suka ƙara da tara ’yan tiyoyi a kaka, a ajiye a hannun amintattu don a ranta wa wanda ya gaza a tsakiyar damina, sun yi koyi da Ash’ariyyawa, waɗanda Buhari da Muslim suka ruwaito cewa idan abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har Annabi (SAW) ya jingina su ga kansa. Bankunan cimaka da ake kafawa a ƙauyuka ba su zo da wani sabon abu ba.

Sai maganar saƙa. A kwarin Dallol goriba tana da yawa, kuma tun kaka da kakanni matan yankin suna saƙa tabarma da faifai da igiya da kabarta. Yanzu an ƙara da ulu da kwarashi. Idan sanyin hunturu ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu, da ƙurarsa da tarinsa, za a ga mace a inuwar zana bayan ta sauke tukunyar rana, ƙwallon ulu a cinya, tana saƙa hular jariri ko safa ko ’yar rigar sanyi. Wani saurayin muridi zai wuce ya ga kamar ɓata lokaci ne. Ya tsaya ya duba da kyau. Kowane ɗauri sai an ƙirga shi, idan aka tsallake ɗaya sai an warware layin an sake, kuma hular ba ta fitowa sai da maimaita abu ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da an gaji ba. Ma’abucin wuridi ya fi kowa cancantar ya gane wannan aiki. Allah Maɗaukaki ma da zare Ya buga misali a Suratun Nahli, aya ta 92, inda Ya hana muminai su zama kamar matar da ta warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Ayar tana magana ne a kan warware alkawari. Muridi yana ɗauke da alkawarin da ya ƙulla a hannun muƙaddami, yana kuma ɗauke da wanda ya ƙulla ranar da waliyyi ya ba shi aure a gaban shaidu, kuma ana iya warware na biyun zare-zare, da sakaci da shiru, ba tare da an furta saki ba.

Sana’ar hannu ga mace tana da asali a gidan Annabta. Uwar Muminai Nana Zainab bintu Jahshin (RA) takan yi aiki da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu, kuma da ta riga sauran matan Annabi (SAW) rasuwa a bayansa suka gane cewa ita ce mai dogon hannun da ya yi musu ishara da ita. Kuɗin da mace ta samu daga saƙarta nata ne. A mazhabar Imamu Malik ciyarwa da tufatarwa suna kan miji ko da matar ta fi shi dukiya. Idan ta sayi gishiri da daddawa da sabulu da kuɗin hulunan da ta kai kasuwa, kyauta ta yi, kuma kyauta tana neman godiya. Malamai suna kiran wannan ɗariƙa tafarkin shukura. Zai yi wuya mutum ya iya gode wa Allah a kan ni’imomin da ba ya gani alhali ya kasa cewa “sannu, Allah Ya yi albarka” ga wadda ta miƙo masa ƙwarya.

Akwai kuma wani haƙƙi da ba a cika ambata ba. Zikiri sakakke ana yin sa a kowane hali. Mace na daka tana salati, tana saƙa tana istigfari, kuma da yawa daga cikin iyaye mata sun fi ’ya’yansu masu rawani yawan ambaton Allah ta wannan hanya. Lazimi kuwa yana da sharuɗɗa: tsarki, da niyya, da barin magana har a gama sai da lalura. Macen da ta karɓi ɗariƙa tana da goyo a baya, wani yana jan zaninta, tukunya tana tafasa, yaushe za ta samu minti ashirin na shiru, sau biyu a yini? Maigida yakan gama nasa a masallaci cikin natsuwa, ya dawo ya tambayi abin kari. Da zai karɓi yaron ya fita da shi ƙofar gida har ta idar, da ya yi abin da ya fi kusa da sunna fiye da ƙarin dubun da yake ja a zaure. An tambayi Nana A’isha (RA) me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. A wasu ruwayoyin ta ambaci ɗinke tufa da gyaran takalmi da tatsar akuya.

Wasu sukan kawo ƙissar Nana Faɗima (RA) don su rufe bakin mata. Dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, ta je neman mai hidima, mahaifinta (SAW) ya zo musu da dare bayan sun kwanta, ya koya musu tasbihi 33 da tahmidi 33 da takbiri 34 lokacin barci, ya nuna musu hakan ya fi musu mai hidima. Ƙissar sahihiya ce. Amma a duba yadda ta gudana. Ya taka da ƙafarsa ya zo har ɗakinta saboda kukan da ta kai, ya zauna a tsakaninsu har Sayyidina Ali (RA) ya ji sanyin ƙafafunsa masu albarka, kuma su biyun ya ba wa zikirin, mata da miji. Sayyidina Ali ya ce bai taɓa barinsa ba, har a daren Siffin. Mijin da zai karanto wa matarsa wannan hadisi daga kan tabarma yana jiran tuwo ya ɗauki rabin ƙissar ya bar rabi.

Na ƙarshensu karatu, kuma shi ya fi saurin mutuwa a gida ba tare da an lura ba. A wasu sassan jihar Tillaberi rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a ’yan shekarun nan, iyalai sun bar garuruwansu, yara sun yi watanni ba su ga allon lakwal ba. Inda makarantar take a buɗe ma, yaro yakan dawo ya tarar babu mai tambayarsa abin da ya koya. A ɗaya gefen kuma waya ta shigo. Muridi yana da karatuttukan malamai da ƙasidu cike da wayarsa, ya toshe kunnuwansa yana saurare shi kaɗai, matarsa kuwa tana da tambaya a kan ƙabli da ba’adi ko a kan jinin al’ada wadda ta shekara tana jin kunyar yi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai a waje su bar matansu da ’ya’yansu mata cikin jahilci, kuma ’yarsa Nana Asma’u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis da ’yan taru masu kai ilimi ga matan ƙauyuka. Shehu Ibrahim (RTA), wanda ya yi wafati a 1975, ya karantar da ’ya’yansa mata har suka zama malamai masu makarantu. Mutanen Dallol ba sa buƙatar a kai su nesa don su ga shaida. A cikin kwarin nan nasu, can kudu a Kiyota, Sayyida Ummul Khairi ’yar Shehu, matar Shehu Abubakar Hashim wanda ya rasu a 2004, ta shafe shekaru tana kafa makarantu da ƙungiyar mata ta Nasiratud Din. Duk wanda ke zuwa Kiyota neman albarka ya ga wannan da idonsa.

Abin da gida ke buƙata ɗan kaɗan ne. Fitila mai cajin rana, da tabarma, da rabin sa’a bayan isha’i. Yaro ya biya allonsa. Wadda ke lakwal ta karanto shafin da aka ba su, ko da uban bai iya Faransanci ba, don sauraren kansa yana gaya mata cewa abin yana da daraja. Sannan a buɗe Ahalari ko Ishmawi a karanta layi uku ko huɗu, a fassara da harshen da ake magana da shi a gidan, Hausa ko Zabarmanci ko wani, a bar ƙofar tambaya a buɗe. Daren Juma’a a ɗauko Ishiriniya ko Ruhul Adab. Uwargida ba sai ta ajiye kwarashinta ba, hannu na saƙa kunne na ji, kuma sau da yawa ita za ta tuna inda aka tsaya jiya. Idan maigida yana cin rani, babban ɗa ko babbar ’ya ta riƙe littafin, shi kuma idan ya kira waya daga Kwatano, bayan ya tambayi lafiya da sauran hatsin da ke rumbu, ya tambayi babin da aka kai.

Allah Ya sanya albarka a rumbunan ’yan’uwa da zuriyarsu, Ya zaunar da ƙasar Tillaberi lafiya, albarkacin Shugaba (SAW). Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.